Katin Jaɓɓi da Talabijin Madam

Jar akuyar Inna ce ta kai ni Badun. Lawwali, kai da ka tambaye ni abin da ya sa kwamfutata ke yin shiru in an sa mata katin memori, kamar wadda ta mutu, jawo bencin nan. Ku ma ku zauna, wayoyinku ba su cika ba tukuna. Amsar tana da tsawo, kuma daga akuyar ta faro.

Shekarar da ruwa ya ɗauke gero na iya gwiwa ce. A garinmu Gangara munka yi shuka ta ƙone, munka sake ta ƙone. Ni kuwa na dawo da takardar digiri a kan kwamfuta, kaina cike da dabaru kamar rumbun shekarar albarka. Ina da dabarar famfo mai aiki da rana, ina da dabarar sanar da manoma farashin gero ta waya. Na zauna ƙofar gida ina yi wa Baba bayani har da zane a ƙasa. Ya saurara har na ƙare, sannan ya ce, "Nafi'u, geron da za a faɗi farashinai, ina shi?" Ranar kasuwa Inna ta ja akuyarta, ta dawo da igiya kawai. Ta damƙa mini kuɗin ta ce, "Ga na mota. In ka isa ka fara cin abinci kafin ka yi musu wa'azin famfo."

A saman motar albasa na tafi. Da na sauka, kwana da kwanaki ko kare ba ya matsowa kusa da ni saboda wari. Mutanenmu sunka saukar da ni wani gida da suke kira fes-mi-a-fes-yu, wato ɗaki na kallon ɗaki, in ka yi atishawa maƙwabcinka ne zai share hanci. Akwai wani mai kula da gidan, kiyateka, wanda ya tsani butata kamar ita ta kashe ubansa.

"Aboki! Kullum wanke ƙafa, wanke ƙafa. Gona kake zuwa?"

"Alwala ce, Oga."

"To ka yi ta da yawu. Ruwan rijiyar nan ba na kakanka ba ne."

Na so in yi masa bayanin famfo mai aiki da rana, sai na tuna da maganar Inna, na haɗiye.

Aiki kuwa zanen fuskata ne ya samo mini shi, ba digiri ba. Na shiga wani shagon hoto a bakin titi ina riƙe da takarduna, mai shagon ta ɗago kai, ta dubi kumatuna, ta tafa hannu. "Gogobiri! Bawan babana ya zo da ƙafarsa!" Ashe mahaifinta fataken goro ne, ya yi shekaru yana zuwa Sakkwato, a bakinsa ta tsinci Hausa da kuma wasan da ke tsakanin Gobirawa da Yarabawa. Na ce, "Madam, mu ne munka saye ku da gishiri, har yau ba a ba mu canji ba." Ta yi dariya har ta riƙe ciki. Ta ce in zauna gaban kwamfuta ta ga ko bawa ya iya wani abu. Haka na fara.

Yanzu ku saurara da kyau, don in ba ku gane shagon ba, ba za ku gane tashin hankalin ba. Ɗanta, wanda ke karatu a wani gari, shi ya haɗa mata kayan. Ita kwamfutar tana cikin akwatin katako a kulle da kwaɗo, saboda an taɓa yi musu sata. Abin da ke waje kawai ƙaramin allo ne a gabana, da maus, da ɗan abin da ake cusa kati a ciki. Sannan ga wani ƙaton talabijin a waje ƙarƙashin rumfa, cikin kejin ƙarfe, yana kallon titi. Da ka cusa kati ko filas, manhajar gyaran hoto sai ta buɗe da kanta, ba sallama ba neman izini, ta fara kwaso duk hoton da ke ciki, daga mafi tsufa zuwa sabo, tana jefa su ɗaya bayan ɗaya a wancan talabijin. Madam na kiran abin otomatik, kuma tana ji da shi kamar ɗan fari. Rimot ɗin talabijin yana cikin jakarta, jakar tana hammatarta.

Wata matsalar, kwamfutar tsohuwa ce. In ta fara kwasar hotuna, maus ya daskare ke nan sai ta ƙare. In ka zare katin a tsakiya kuma, yana iya lalacewa. Na gani da idona: yaron da na tarar a shagon ya taɓa zare na wata amarya, hotunan bikinta duka sunka tafi, shi ma ya tafi.

Ƙarƙashin rumfar nan 'yan acaɓa ke fakewa da rana. Okada suke ce musu can. Talabijin Madam shi ne silimansu. Wata rana wani babban mutum ya zo da babbar riga har ƙasa, fasfo kawai yake so. Na cusa katinsa. Sai ga hoton wani maruru da ya fito masa a wurin zama, wanda ya ɗauka don ya tura wa likita, ya cika talabijin kamar fitowar wata. 'Yan okada sunka faɗi ƙasa. Har na baro garin, Baba Maruru suke kiransa.

Da yamma na ce, "Madam, bari in kashe otomatik ɗin nan. Minti ɗaya ne. Mutum ya zaɓi abin da za a gani."

"Ka kashe mini kasuwa?"

"Asirin mutane ne, Madam."

"Mai asiri ya bar shi a gida. Gogobiri, ka taɓa setin ɗana, ka koma kan albasarka."

Na kawo mata hujjoji, na kawo misalai, har na zana mata a takarda. Ta naɗe takardar ta sa ƙosai a ciki.

To, a garin akwai Jaɓɓi. Kun san shi, dogon Bafillacen nan da ke zuwa nan ranar kasuwa. Rugarsu tana bayan gonarmu ta hanyar Bafarawa, tun kakanni shanunsu ke kwana a gonarmu bayan girbi su bar mana taki. Farin ya cinye musu rabin garke, shi ya sa ya gangara kudu yana gadin wani gida. Shi ke ce mini Kaɗo, ni ina ce masa Jauro, ko da yake ko kaza ba ya shugabanta a lokacin.

Ran nan ya same ni a masallaci, ya ja ni gefe. Idanunsa sun yi ja.

"Kaɗo, sun ɗauki Sambo."

Sambo ƙanensa ne. Mutanen daji sunka tare shi yana dawowa daga kasuwa. Sun turo hotonsa ta waya don a tabbatar shina raye: yana zaune a ƙasa, su kuma tsaye bayansa da bindigogi. Dattawan ƙungiyarmu ta 'yan ci-rani sun ce za su taimaka ranar Juma'a, amma suna son hoton a takarda, a zagaya da shi hannu-hannu, don an sha yi musu ƙarya. Wayar Jaɓɓi kuwa ta faɗi gilashin ya mutu. Hoton yana cikin katin, kuma babu shi ko'ina sai nan.

"Shi ne na ƙarshe da ya shiga," in ji shi. "Sauran duk shanu ne."

Kun san al'adarsu yanzu. Kowace saniya sai an ɗauke ta hoto, gaba da gefe, da tsagar kunnenta, don in an sace a sami abin nunawa a kara.

A lokacin garin yana cikin ɗar-ɗar. Su ma ana tare musu mutane a hanyar daji, rediyo ba ta da zance sai wannan, duk mai kama da makiyayi ana bin sa da ido. Shugaban 'yan okadan rumfarmu, wani kakkaura da suke kira Sajan, an ɗauki yayansa a hanya, har lokacin babu labari. Ku auna: Bafillace a cikin shago, hoton 'yan bindiga a talabijin, Sajan da mutanensa a ƙofa. Wa zai tsaya ya tambayi wane ne a ɗaure, wane ne ya ɗaure? Wani shagon kuma ba za mu iya kai wa baƙon ido wannan hoton ba.

Na ce, "Jauro, kada ka damu. Wanga aikina ne, shi na karanta. Za ni kashe shi, ba wanda zai gani."

Washegari da safe, Madam na ciniki da mai burodi, na shiga setin kwamfuta, wurin da ake gaya mata abin da za ta yi in an sa kati. Na zaɓi kada ta yi komai. Na so in gwada da katina, sai ga Madam ta dawo ta zauna kusa da ni, kuma ranar kamar an yi wa garin asiri, ba wanda ya kawo kati, sai masu ɗaukar sabon hoto. Na ce a raina ai ba sai an gwada ba. Talabijin ba ya nuna komai sai abin da manhajar ta jefa masa; in ba ta buɗe ba, zai ci gaba da juya tsofaffin hotunan biki, ni kuma in buɗe katin a ƙaramin allona, in zaɓi guda, in buga.

Bayan la'asar Jaɓɓi ya zo, lokacin ne kawai yake samun fita. Rumfa cike da 'yan okada. Ya ratsa su da sallama, ba wanda ya amsa. Madam tana ɗakin ciki tana fama da wata jaririya da ta ƙi kallon kyamara. Ya kwance katin daga cikin wata 'yar leda da ya ɗaure a hularsa. Na karɓa, na yi bisimilla, na cusa.

Shiru. Na dube shi na ɗaga gira, irin ka gani?

Sai allon ya yi fari. Manhajar ta buɗe.

Na kama maus, ya daskare. Na danna duk abin da anka koya mini a makaranta, ko gezau. A waje na ji an kwashe da dariya. "Malu! Malu!" Wato saniya. Wata farar saniya ta cika talabijin tana kallon titin Badun.

"Raneye ce," in ji Jaɓɓi a hankali. Sannan ya dube ni. "Kaɗo, mi ke faruwa? Ka ce ka kashe."

"Na kashe."

"To cire shi."

"In na cire, hoton Sambo na iya tahiya."

Ya juya ya dubi ƙofa. Ƙofar shagon ɗaya ce, kuma Sajan na zaune a bakinta kan babur ɗinsa.

Shanu sunka yi ta wucewa. Ja, baƙa, mai ƙaho ɗaya, kunne, kunne, kunne. 'Yan okada suna yi musu suna, wannan ta yi kama da surukar wane, waccan da kiyateka. Na ja akwatin katakon, kwaɗo. Na leƙa bayan tebur, wayar talabijin ta bi ta cikin bango. In na kashe wutar shagon gaba ɗaya, daidai yake da zare katin. Na ƙwala kira, "Madam! Rimot!" Daga ciki ta ce, "Ina aiki, bawa!" jaririya na tsala ihu.

"Saura nawa?" na tambayi Jaɓɓi.

"Ban sani ba. In ka ga tafki, an kusa."

Bai rufe baki ba sai ga tafkin bayan rugarsu, ƙasa ta tsattsage kamar tafin tsohuwa. Bayansa Raneye ce kuma, a kwance, haƙarƙari a waje. Bayanta wata. Dariya ta mutu a rumfa. Wani ya ce wani abu da Yarabanci a hankali. Sajan ya sauko daga babur ya matso kusa da kejin yana kallo.

A jikin bango akwai kayan da mutane ke ara su ɗauki hoto: kwat, hular sarauta, da baƙar rigar nan ta kammala jami'a, wadda masu gyaran takalmi ke sawa su tura gida. Ni da na yi digirin gaske ban taɓa sa ta ba, kuɗin haya ya gagare ni ranar bikinmu. Na fizge ta, na yi waje a guje, na yi tsalle na lulluɓe kejin da ita, na juya na jingina bayana a kai, hannuwa a buɗe.

'Yan okada sunka zuba mini ido.

"Aboki, wetin?" in ji Sajan. Ya iya 'yar Hausa. "Me kana ɓoye?"

"Ba komai, Oga. Setin ne ya lalace."

"In ba komai, buɗe."

Sunka taso. Wani ya leƙa cikin shago ya nuna Jaɓɓi da baki. Ina jin zafin talabijin a bayana, kuma na san, ko ban gani ba, hotunan sun ƙare, na ƙarshe ya tsaya cak a bayan rigar nan. Yadi ɗaya ne tsakaninsa da idanunsu. Sajan ya kama gefen rigar. Ni ma na riƙe. Duk dabarun da ke kaina, famfo da farashi da sauransu, babu wadda ta zo. La'ilaha kawai nake ja.

Ta ƙofar gilashi na hango Madam ta fito daga ɗakin ciki. Ta nufo waje da masifa a baki, sai idonta ya faɗa kan ƙaramin allona. Ta tsaya. Ta dubi allon, ta dubi Jaɓɓi, ta sake duban allon. Sambo da Jaɓɓi kamar an tsaga kara suke. Ban san tsawon tsayuwar da ta yi ba, ni dai na ji kamar an yi damina an yi rani.

Sai ta cire silifas ɗinta ta fito.

Tas! a ƙeyata. "Gogobiri marar kunya! Matar mutum tana kan gadon haihuwa, ka kusa nuna wa duniya!" Tas! Ta juya kan Sajan da Yarabanci, da ƙarfi, tana nuna shi da silifas. Daga baya anka fassara mini: cire hannunka, in taka matar ce za ka so a kalla? Ba ku da uwaye ne? Ta zura hannu a jaka, ta cusa rimot ƙarƙashin rigar, na ji talabijin ya yi ɗif.

Sajan ya saki rigar. Ya sosa kai. Wani ya yi dariya, wani ya ce aboki ya sha silifas, rumfa ta koma hayaniyarta.

Madam ta koma ciki, na bi ta. Da kanta ta buga hoton, ta sa a ambulan, ta liƙe, ta miƙa wa Jaɓɓi da hannu biyu. Ya sa hannu aljihu, ta harare shi. Ya cusa ambulan cikin riga ya fita. A bakin ƙofa Sajan ya tare shi. Sai na ga ya ciro 'yar takardar kuɗi ya danna masa a tafi. "Barka. Sabulu na bebi." Jaɓɓi ya tsaya yana kallon kuɗin. Ya ce, "Allah shi maido maka da naka," ya wuce. Sajan ya bi shi da kallo har ya sha kwana.

Madam ta zauna a kujerata. Ta ce, "Da ya gani, ko ya rungume shi su yi kuka tare, ko ya kashe shi. Ban so in san wanne ba a ƙofar shagona." Sannan ta ture mini maus. "Kashe shi. Kashe otomatik."

Na ce ai na kashe tun safe. Ta ɗaga silifas, na matsa. Na shiga bincike, sai a cikin manhajar kanta, can cikin zaɓuɓɓukanta, na tarar da wani ɗan akwati da alama a ciki: in an sa kati, buɗe da kanka. Ashe tana da nata ɗan tsaron daban da ke zaune yana jiran kati, ba ruwansa da abin da ka gaya wa kwamfuta. Na rufe zaure, na bar kafar danga. Na cire alamar, na kashe kwamfutar na kunna, na cusa katina. Shiru. Na zare na sake cusawa. Shiru. Madam ta ce in sake. Ta kawo nata filas ma munka gwada. To ka ji, Lawwali: wuri biyu ne, na kwamfuta da na manhaja, kuma kada ka yarda an kashe sai ka gwada da katinka, ba da na mutum ba.

Ranar Juma'a hoton ya zagaya hannun dattawa. Sambo ya dawo bayan watanni, sauran shanun sunka tafi a kansa, kuma har yau yana jan ƙafa. Labarin yayan Sajan ban ji ba har na taho.

Da ruwa ya dawo na ce za ni gida. Madam ta sayi sabuwar kwamfuta, ta buɗe kwaɗon akwatin ta ce in ɗauki tsohuwar, wai ladan bawa. Ita ce wagga da kuke gani. Famfo mai aiki da rana yana nan a kaina, ban fasa ba. Akuyar Inna ma na maida mata, ko da yake ta ce wannan ba ta kai waccan hankali ba.

Ga Jaɓɓin nan tafe ma, ku matsa masa. Kowace ranar kasuwa sai ya zo da katin nan a hularsa. Ba ya buga komai. Ina cusawa, kwamfuta ta yi shiru, in juya allon ya kalli bango, in ja masa kujera. Sai ya gyara zama ya ce, "To Kaɗo, yanzu buɗe. Fara da Raneye."